Janar a Takardar Balangu

Bayan la'asar na tsaya wurin Nomau a Gawon Nama,
ya yanko balangu, ya barbaɗa yaji,
ya naɗe mini a takarda.
Sai da na kwance ƙunshin a zaure
na ga ashe baƙo na ɗauko ban sani ba.

Bature ne, gashin baki kamar ƙahon ɓauna,
ƙirji dam da lambobi, wuya a ɗaure tamau.
Janar na ƙasar Ostiriya, in ji rubutun ƙasa.
Maiƙo ya cinye sunansa, saura harafi uku,
yankin albasa ya kwanta a kafaɗarsa
daidai inda ake ɗora girma.

Na ture naman gefe, na lalubo tabarau.
Shekara kaza makarantar soja, ko gemu babu.
Shekara kaza laftana. Shekara kaza kyaftin.
Sai aka kira shi hedikwata, ɗakin taswira,
daga nan tsani ya miƙe,
manjo, kanar, janar, kowanne da kwanan watansa
kamar bashi a littafin ɗan tireda.

Na san ɗakin nan, ɗan'uwa.
Ban taɓa taka ƙanƙarar garinku ba,
kai ma bazarar Sakkwato ba ta taɓa gasa ka ba,
amma teburin ɗaya ne.
Shekara goma sha ɗaya na yi a kansa,
jan fensir a dama, shuɗi a hagu,
takalmina bai taɓa kwana da laka ba.

Kogi a taswira zare ne kawai,
ɗan yatsa kan tsallake shi bai jiƙe ba.
Wani daren Talata na ja layi a kan irinsa,
na rubuta ƙarfe huɗu na asuba, na sa hannu,
na kurɓi shayi, har na yi faɗa sukari ya yi kaɗan.
Kofur Labbo na Wurno bai iya ruwa ba.
Ba wanda ya tambaye shi.
Babu gurbin wannan tambayar a fom.

Bayan wata biyu mahaifiyarsa ta zo bariki
da ɗan buhun albasa a ka,
ta ce na wanda zai nuna mata inda ya kwanta ne.
Na leƙo ta taga,
na ce wa odale ya ce oga ya fita.
A shekarar aka ƙara mini girma.

Na juya takardarka ko zan ga naka Labbon.
Mutum dubu arba'in ka jagoranta, an ce,
lamba mai sulɓi, babu ko ɗaya a kanta.
Sannan: ya rasu a gidansa cikin tsufa, bayan...
nan wuƙar Nomau ta yanke zance.

Washegari na koma neman sauran shafukan.
Ya dube ni yana wasa wuƙa:
"Mi kaka biɗa, Baba? Takarda ta.
Da kilo nika saye, jama'a duk sun tai da ita."
Ke nan yaƙinka na farko yana kwata a Mabera,
nasararka a Runjin Sambo an hura gawayi da ita,
jawabin bankwananka kuwa
wata akuyar Minanata na tuƙarsa.

Ba dariya nake maka ba.
Kai ka samu takarda. Ni fayil ne, kuma gara ta riga ni.

Akwai ɗan fili fari a ƙarƙashin hotonka.
Na ɗauko tsohon jan fensirin na fiƙe.
Labbo na Wurno.
Saje Arzika na Kware.
Jabbi, mai busa sarewa in an yi albashi.
Fensir na zamewa a kan maiƙo, ina maimaitawa.

Na huɗun nake nema tun magariba.
Dogo ne, da wushirya,
shi ke kawo mini shayi kafin a tura shi gaba.
An kira isha'i, naman ya daskare,
sunan bai zo ba.